SILINDAR BABA NAMADI

Shafi na 23

Assalamu alaikum jama'ata. Saƙonninku sun cika mini waya, har da na Asiya ta Mayahi da ta rantse in ban sako shafin nan yau ba za ta hau kabu-kabu ta zo ta ƙwace wayar ta karanta da kanta. Zauna abinki Asiya, ga shi. Masu zagin Mutari kuma ku ɗan sassauta masa, ni da na san cikinsa wallahi tausayi yake ba ni.

Don waɗanda suka shigo jiya: Baba Namadi mai sayen fata ne, yana bin kasuwannin ƙauye a kan tsohon kekensa. Surukinsa Mutari bakanike, mijin 'yarsa Habsatu, shi ya ɗaura wa keken inji shekara shida da suka wuce, ya zauna ya faɗaɗa silindar da hannunsa har ta fi ƙarfin rairayin hanyar Kona. Da Habsatu ta gane idon mahaifinta ya fara tafiya, yana ɓoyewa, sai ta roƙi mijinta ya rage wa injin gudu ba tare da tsohon ya sani ba. Mutari ya cire babbar silindar ya sa ƙarama, Habsatu ta ɓoye babbar, ta kuma rantse babbar ba za ta sake komawa kan keken ba. Mako uku bayan haka Baba ya faɗa kwazazzabo, ya karye a hannu.

To mu je.

*

Hantsi ya ɗaga, Mutari na durƙushe a rumfarsa ta ƙofar gida a Tasawa yana wanke buji, wato fulogin inji, a gwangwanin isansi, man da wasu ke kira fetur, sai ya ji amalanke ya tsaya a bayansa.

Bai waiwaya ba ya ce, "In gyara ne a ɗan jira ni."

"Ba gyara ya kawo mu ba."

Muryar surukinsa ce. Bujin ya suɓuce cikin gwangwanin.

Baba Namadi ne zaune a kan amalanken, hannunsa na hagu ɗaure da karare da farin ƙyalle. Keken na kwance a bayansa, an farke injin. Kafin Mutari ya gama miƙewa wani ya diro daga gefe yana kaɗe riga. Gajere ne, bakaniken bakin tasha, mutumin da tsawonsa ya tsaya tun yana yaro amma bakinsa har yau bai tsaya ba.

Mutari ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarhin jiki?"

"Lahiya."

Shi ke nan. Ba "ya iyali", ba "ina Ilham". Tsohon da in ya fara tambayar jikarsa sai an katse shi.

Gajere ya shimfiɗa tsumma a kan bencin Mutari, ya zazzage wani abu daga leda ya ajiye da ƙarfi, yadda mai shayi da masu jiran mota a tsallake za su ji.

"Mutari, wannan ɗiyar wa ce?"

Ƙaramar silindar ce.

"Baba ya ce min babba ce cikin injin nan, wadda ka huɗa da hannunka. Na buɗe, mi na iske? 'Yar mitsitsiya. Ko magagari bai taɓa ƙohohinta ba. Kuma dubi nan, jama'a ku dubi nan! An shahe ta da baƙin mai da toka don ta yi kama da tsohuwa."

Ya lakato baƙin da yatsa ya ɗaga sama yana juyawa.

Mutane suka fara matsowa. Kun san mu dai, in aka ce rigima ce ko mai alwala sai ya ajiye buta.

"Ina babbar?" in ji Gajere. "Wa ka saida ma?"

Mutari ya kalli silindar.

Amsar na bakinsa, kalma uku kacal. Amma in ya ce "idon Baba ne" a gaban mai shayi, kafin azahar labari ya isa Kona, kafin la'asar duk mai fatar akuya a yankin ya san Namadi ba ya gani. In ya ce "matata ta sa ni" kuma, ya tura ta gaban mahaifinta ke nan shi ya koma baya. Sai ya zaɓi ya sunkuyar da kai a kira shi ɓarawo.

"Kun gani?" Gajere ya juya ga mutane. "Surukinshi hwa! Uban matarshi!"

"Gajere." Baba ya ɗaga hannun dama. "Ya isa. Ni zan yi tambayata."

Ya karkato da kansa wajen Mutari.

"Sau nawa na kawo maka keken nan bayan ka taɓa shi?"

"Sau biyu, Baba."

"Na ce maka mi?"

"Ka ce muryar ta sake."

"Kai ka ce min mi?"

"Na ce isansin ne ba shi da kyau."

"Na biyun hwa?"

"Na ce... zahin rana ne."

"Zahin rana." Baba ya jinjina kai a hankali. "Shekara shida injin nan bai san zahi ba sai bana."

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi.

"Ni ban ce ka yi sata ba, Mutari. Gajere ya ce. Ni tambaya nike. Ina take?"

"Tana nan, Baba."

"Tana nan!" Gajere ya tafa hannu. "To hiddo ta mana! Ko aljanu sunka ara?"

Labulen zaure ya motsa.

Habsatu ce ta fito, mayafinta ko daidaita shi ba ta tsaya yi ba. Tana rungume da babbar langa ta kayan ɗakinta, irin wadda ba a saukewa sai da suna ko biki. Ta ratsa maza ba ta kalli kowa ba, ta ajiye langar a kan bencin, ta buɗe murfin, ta warware ɗankwalin da ke ciki.

"Ga ta," ta ce. "Mijina ba ɓarawo ba ne. Ni na sa shi ya cire, ni na ɓoye."



Gajere ya miƙa hannu ya ɗauka, don ya samo abin kushewa. Ya ɗaga ta wajen haske, ya leƙa ciki. Ya zura ƙaramin yatsa cikin ƙofar hayaƙi ya shafa gefenta. Ya sake shafawa. Bakinsa ya ɗan buɗe.

"Kai..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka kashe ma bakin kaihi don kada ya kama zoben histan. Da mi ka goge nan? Santsi kamar cikin ƙoƙo."

Ya manta faɗa ya zo yi. Bakanike dai bakanike ne.

"Kuma ƙohwar ba ka ɗaga ta sama ba, gehe ka buɗa ta. Shi ya sa take jan rairayi ba ta shaƙewa. Ni da na ɗaga tawa..."

"Gajere," Baba ya katse shi, "na gode da wahala. Koma rumhwarka."

"Baba ai ban gama..."

"Ka gama."

Ya ajiye ta ba don ya so ba, ya tafi yana waiwayenta. Mutane suka watse suna ƙus-ƙus.

Baba ya sauko daga amalanken da kansa. Mutari ya kai hannu zai riƙe shi, ya ture.

"Mu shiga ciki. A taho da ita."

*

Habsatu ta shimfiɗa tabarma a inuwar iccen bedi. Baba ya zauna, aka ajiye langar a gabansa. Mutari ya tsuguna can gefe kusa da randa. Ita ta durƙusa, kanta a ƙasa.

Sunan mahaifiyar Baba gare ta, don haka tun da aka haife ta "Uwata" yake ce mata. Ko da ta fasa masa rediyo tana ƙarama, "Uwata" ya ce.

"Habsatu."

Ta ɗago a firgice. Hawaye suka zubo tun bai ƙara komai ba.

"Mi na yi miki?"

"Ba ka yi min komi ba, Baba."

"To don mi?"

Ta kalli mijinta. Ya girgiza mata kai kaɗan, alamar ta bi a sannu. Amma ta riga ta cika.

"Ran sunan ɗiyar ƙanwata Mansura," ta ce, "ina kallonka ka zuba shayi gehen kohi, har ya jiƙa tabarma ba ka sani ba. Ka kai hannu ga buta sau biyu kana kuskure. Ilham ta rugo ta rungume ka, sai da ta yi magana kana ka kira sunanta."

"Tsuhwa ce."

"Ba tsuhwa ba ce, Baba. Idonka ne."

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Ba kowa. Ɗiyarka ce ni."

Ta share hanci da bakin mayafi.

"Na san in na ce ka bar hawa ba ka bari. Na san in na yi maganar ido za ka yi hushi ka daina zuwa gidan nan. Na ce to, bari a rage mishi gudu. In ma ya hwaɗi, ya hwaɗi a hankali. Kwana huɗu ina roƙon Baban Ilham yana ƙi. Laihina ne, kada ka ga nashi."

"Baba, da nawa," Mutari ya ce. "Hannuna ya kwance ta. Kuma bakina ya yi maka ƙarya."

Baba ya lalubo langar da hannun dama, ya ciro silindar ya ɗora a cinya, yana shafa haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, yadda yake shafa fata in yana neman inda wuƙa ta ci.

Ya daɗe a haka.

"Mutari, ka tuna ran da ka yi aikin nan?"

"Na tuna, Baba."

"Kwana uku ina zaune gehenka. Ka goga, ka ɗaura, ka tayar, in saurara, in ce da saura. Ka kwance ka sake gogawa. Har yatsunka sunka yi ƙanta. Ran na uku ta yi wata murya, na ce tsaya nan, kada ka ƙara ko sau guda."

"Haka anka yi."

"To ku saurara, in hwaɗa muku abin da kunka cire."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da carbinsa, wanda kullum ke rataye a kan keken.

"Kun zaci ibada kaɗai nike yi da wannan a hanya?"

Suka kalli juna.

"Damina biyu ke nan ban ga hanyar Kona ba. Ina ganin hari-hari inda rairayi yake, ina ganin duhu-duhu inda itace yake. Shi ke nan."

"Innalillahi..." Habsatu ta dafe ƙirji. "Damina biyu?"

"Ki bari in gama. Na ɗaura zare a wurin murɗa mai, yatsana ya san inda yake tsayawa, kullum nan, ba gaba ba baya. In na murɗa zuwa zaren, gudunta guda ne, rani da damina. Daga ƙohwar gidana zuwa rijiyar Bube, istigihwari ɗari da ashirin. Daga rijiya zuwa babban rairayi ba sai na ƙirga ba, kunne ya isa, za ta hwara nishi. In ta saki nishin ta washe murya, na san na hita. Daga nan salati saba'in, sai in karya hagu."

Ya ɗan dakata.

"Kwazazzabon nan gehen hagu yake. Kana wuce shi da kaɗan hanya ta karye."

Mutari bakanike ne, ya riga matarsa ganewa.

"Baba..." ya ce, "da gudun ya ragu..."

"Saba'in ta cika ban iso ba."

Habsatu ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Ban gane ba."

"Maman Ilham," Mutari ya ce, "Baba da gudun injin yake auna hanya. Mun rage gudun. Lissahin ya ƙare tun yana daidai bakin ramin."

Ai kuwa ta gane. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Na san ta yi sanyi," Baba ya ci gaba, kamar labarin wani yake bayarwa. "Kunnena ya hwaɗa min tun ranar hwarko. Shi ya sa na kawo maka, ka ce isansi. Kasuwar hwarko na sauka na tura da ƙahwa. Ta biyu na samu wani amalanke na bi ƙarar ƙahwar jakinshi. Ta uku babu kowa a hanya, rana na yi, ga hwata na jirana. Na ce bari in ƙara bisa saba'in. Na ƙara goma. Na ƙara ashirin. Ban san nawa ya kamata in ƙara ba, tunda ban san nawa kunka rage ba. Da na kai talatin na ce ai ya isa."

Ya ɗaga hannun da ke ɗaure.

"Ashe bai isa ba."

Habsatu ta fashe da kuka, irin wanda ba ya fita da ƙara sai jijjigar kafaɗa. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan fita tsakar gida. Ka yi abu don kada mutum ya faɗi, ya zama shi ne ya kayar da shi, wannan ciwo ne da ba a san wa za a kai wa ƙara ba.

"Ni na karya ka," take cewa. "Baba ni na karya ka da hannuna."

"Ke, tashi. Abin da Allah Ya rubuta ne."

"Ni ce!"

"Uwata."

Kukan ya ɗan tsagaita.

"Ban yi hushi da ke ba. Da kun tambaye ni dai."

Ta ɗago jajayen idanu. "Da mun tambaye ka, da ka hwaɗa muna?"

Ya shafa silindar da ke cinyarsa.

"A'a."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan, ta toshe baki. Shi ma gefen bakinsa ya motsa.

"Inna ta sani?" ta tambaya.

"Innarki ita ke zaɓa min hula da sahe. Takalmana kullum wuri guda nike iske su, buta wuri guda. Ta kwashe turmi daga tsakar gida ta mai da shi jikin bango. Ba ta taɓa ce min komi ba, ni ma ban ce mata ba."

Mutari ya kau da kai. Ya miƙe a hankali ya ɗebo ruwa a randa, ya zagaya ya kai wa matarsa, ya tsuguna a bayanta. Tafiyarsa ba ta yi ƙara ba, don ba takalmi a ƙafarsa.

Habsatu ta kurɓa, ta yi ta maza.

"Baba, mu tahi Maraɗi wurin lokotoron ido. Mutane nawa anka yi ma aiki sunka dawo suna gani."

"In na je anka ce babu magani hwa?"

"Sai mu san inda muke."

"Ke ce za ki sani. Ni yanzu mutum ne da ba shi gani sosai. Ran da takarda ta hwaɗa, makaho ne ni. A shimhiɗa min tabarma ƙohwar gida, masu wucewa su ce sannu Baba, in ce yauwa. Ni da ke ciyar da gida tun kahin a haihe ki."

"To ni in riƙa kai ka, Baba," Mutari ya ce. "Duk ranar kasuwa in ɗauke ka a moto."

Baba ya amsa yana fuskantar wajen randa.

"Ka ruhe rumhwarka ka koma direbana? Mahauta su ga an sauke ni kamar buhun gero? Kai ba ka san su ba. Yau ina shahwa hwata in ce wannan akuyar ta yi ƙazwa, su yi dariya su ce Namadi ido gare shi kamar shaho. Ran da sunka gane hannu ne kaɗai, ranar za su hwara gwada ni. Girman da na tara shekara arba'in, kasuwa guda ta ishe shi."

"In ɗan wani ya gitta maka hwa?" Habsatu ta ce. "Baba, bar ta kanka. In ka hau kan ɗan mutane?"

Wannan ta shige shi. Ya shiga murza carbi.

"Ina ganin inuwa," ya ce daga baya. "Mutum in yana tsaye ina ganinshi, ko daga can bakin zaure ne. Kuma waccan," ya daddaɓa silindar, "tun daga nesa ake jin muryarta, kowa ya ce ga Namadi nan, a kauce. Ƙaramar da kunka sa ce ba ta da murya, ran nan har na kusa taka tunkiya."

"Baba..."

"Ban zo roƙon gahwara ba, ban zo a roƙe ni ba. Na yahe muku duniya da lahira. Abu guda na zo karɓa. Jibi maɗori zai kwance min hannu. A mai da min ita yadda take, in koma ga saba'in ɗina."

"Wallahi na rantse ba ta komawa."

"Sai ki yi kahwara. Azumi uku ne, na sha yi."

"Baba, ba wasa nike ba!"

"Ni ma."

Ya dafa ƙasa da gwiwa ya miƙe, silindar a hannunsa na dama. Ya gyara tsayuwa, ya daidaita hula, ya taka sau biyu wajen randa, inda ya san Mutari ya tsuguna tun farko. Akwai wani guntun itace a kafe a wurin, wanda Habsatu ke rataye moɗa, ta yafa masa tsohon zane yana shan iska.

Baba ya tsaya a gabansa. Ya miƙa masa silindar.

"Mutari, karɓi."

Rana tsaka. Taku ɗaya tsakaninsa da itacen.

Habsatu ta cusa mayafi a baki. Mutari na tsugune a bayanta, can wancan gefen tabarma.

"Karɓi mana."

Hannun tsohon ya fara rawa, ƙarfe ne mai nauyi, kuma hannu ɗaya gare shi.

"Ban taɓa roƙonka komi ba tun da na ba ka ɗiyata. Ko sai na durƙusa maka?"

Ya fara lanƙwasa gwiwa.

Mutari bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya bi ta bayan bedi a kan yatsun ƙafa, ya zagayo ta bayan randa, ya zo ya tsaya daidai jikin itacen. Ya sa hannu biyu ya tallabi silindar, ya haɗa da hannun tsohon.

"Na karɓa, Baba. Don Allah kada ka durƙusa."

Fuskar Baba ta washe. Ya saki ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗar Mutari ya ɗan girgiza ta.

"Yauwa ɗana. Ka ga? Uwata, kin gani ko? Tun daga kan tabarma nike ganinshi tsaye nan. Ido da saura."



Ya koma da baya yana laluben tabarma da ƙafa, ya zauna, ya miƙe ƙafafu kamar wanda ya sauke kaya.

"Je ka ɗauko kayan aikinka. A shigo da keken. Nan za ka ɗaura ta a gabana, ba ni tashi sai na ji muryarta."

Mutari ya juya wajen zaure, silindar a ƙirjinsa.

Habsatu ta riga shi.

Tana tsaye a bakin ƙofar, ta dafe wannan bango da hannu ɗaya, wancan da ɗaya. Hawaye na bin fuskarta, tana kallonsa ido cikin ido, tana girgiza kai.

Ya waiwaya ya kalli tsohon da ke murmushi a kan tabarma.

Ya sake kallon matarsa.

Baba ya karkata kunne.

"Mutari? Ban ji tahiyarka ba."